Tanadin hanyar ko-ta-kwana a sadarwa

Tanadin hanyar ko-ta-kwana fanni ne na injiniyancin sadarwa da ke tsara yawan layuka da na'urorin da za a ware a gefe, domin kiran waya da intanet su ci gaba da gudana idan wani sashe ya lalace. Katsewa takan faru ne sanadin tsinkewar wayar fayiba wajen aikin hanya, ɗaukewar wutar lantarki, gobara ko ambaliya.

Salo biyu ake bi. A na farko, ana keɓe layin madadi tun kafin matsala ta auku. Tsarin 1+1 yana aika saƙo ɗaya ta layuka biyu lokaci guda, shi kuwa 1:N layi ɗaya ne ke jiran layuka da dama. A fasahar SDH da SONET, ƙa'ida ita ce a koma kan madadin cikin milisakan 50. A salo na biyu, sai bayan matsalar ta auku na'urori ke lalubo wata hanya daga sararin da ya rage. Wannan ya fi araha, amma ya fi jinkiri.

Babban sharaɗi shi ne kada layi da madadinsa su bi rami ɗaya ko gada ɗaya. Misalin haɗarin bin hanya ɗaya shi ne, ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya, Gana da Laberiya. Kamfanoni sun karkata ga wayoyin da suka tsira, irin su Equiano, gyaran kuma ya ɗauki makonni.