Zubewar gashi saboda ciwon tayirod

Tayirod wata 'yar halitta ce a gaban wuya, wadda Larabawan Sudan ke kira gudda. Idan ta kumbura, shi ne maƙoƙo. Sinadarin da take fitarwa ne ke daidaita aikin jiki, har da tsirar gashi. In ya yi ƙaranci ko ya yi yawa, gashi kan zube ko'ina a kai, ba a wuri ɗaya ba, wani lokaci har gefen gira.

Ƙarancinsa na zuwa da kasala, jin sanyi, ƙiba da bushewar fata. Yawansa kuwa da bugun zuciya, gumi da rama. Mata sun fi kamuwa.

Rashin aidin ne babban sanadin maƙoƙo, shi ya sa ake son gishiri mai aidin. Amma wani bincike da aka buga a 2000 ya sami maƙoƙo a yaran kudancin Bulu Nayil duk da isasshen aidin, aka kuma zargi yawan cin gero.

A Maiurno ko Sinja, man kitso ba zai magance wannan ba. Gwajin jini na TSH ne ke tabbatarwa. Mai ƙaranci ana ba shi levothyroxine kullum da safe kafin karin kumallo, da tazarar awa 4 tsakaninsa da maganin ƙarin jini; mai yawa kuma carbimazole. Gashi kan ɗauki watanni kafin ya dawo, don haka kada a daina magani. Tun yaƙin 2023 samun magani ya yi wuya, gara a nemi na gaba kafin na hannu ya ƙare.