Majami'ar Wusasa da Gwanintar Maginan Hausa

A shekarar 1837, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno, a cikinta ne Sarauniya Biktoriya ta hau gadon sarautar Ingila. A zamaninta mutanen Ingila suka duƙufa ga ginin majami'u, kusan kowace unguwa da tata: bango na dutse ko jan bulo, hasumiya mai tsini, tagogi na gilashi mai launi. Irin waɗannan ne 'yan Mishan suka buɗe ido suka gani a garuruwansu. Amma wadda suka bari a Wusasa, kusa da Zariya, ta ƙasa ce, ginin Hausa sosai. To, ga yadda aka yi.

A 1900 Bishop Tugwell da Likita Mila suka isa Kano, Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka komo Girku. A 1905 Likita Mila ya zauna cikin birnin Zariya, yana ba da magani yana koyar da yara. Daga baya aka ga ya fi kyau Mishan ta fita bayan ganuwa, sai aka ƙaura zuwa Wusasa, gindin dutse. A 1929 aka tashi ginin majami'ar da ake kira St. Bartholomew.

Maginan ƙasar ne suka yi aikin, da kayan da suka gada. Aka cuɗa ƙasa da ciyawa, aka yi tubali, aka shanya, aka jera shi, bango ya yi kauri ƙwarai, domin ya ɗauki nauyin soro, ya kuma tsare zafin rana. Rufi kuwa da azara ake yinsa, watau itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika cinsa ba. Amma azara guda ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida. Don haka magini yakan kafa ta cikin bango, ya ɗora wata bisa wata, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, yana ɗaurewa yana yaɓewa, har na dama da na hagu su gamu a sama. Wannan shi ne bakan gizo, da shi ake samun zaure mai faɗi da zai ci jama'a.

Wannan hikima ta girmi zuwan Turawa. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ita, masana gini na duniya kuwa suna yaba shi har yau.

Sai dai ginin ƙasa kamar doki yake, sai da kiwo. In an bar yaɓe, ko indararo ya toshe, damina kaɗan ta isa ta kā da abin da ya shekara ɗari. Siminti da kwano kuma sun rage masu koyon sana'ar, gwani kuwa in ya mutu bai koya wa kowa ba, ya tafi da abinsa.

Saboda haka, 'yan makaranta, in kun je hutu, ku nemi tsohon magini na garinku, ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi yadda ake ɗaurin guga da haɗin makuba, ku rubuta abin da ya faɗa muku.