'Yan Kunnen da Suka Kwana a Durɓi Ta Kusheyi

'Yar'uwa, tsakanin Daura da Katsina, a ƙasar Mani, akwai wasu tuddai da ake kira Durɓi Ta Kusheyi, makwancin manyan mutanen dauri. Wani Bature, Palmer, ya tona wurin a 1907. Da aka sake tonawa a 1992 sai ga mundaye, ga duwatsun wuya, ga tasar tagulla, har da 'yan kunne na zinare. Ashe dai kwalliya ba yau aka fara ba!

Daga baya aka kai kayan birnin Mainz na Jamus, masana suka duba, suka ce tasar nan aikin ƙasar Larabawa ce, ta ƙetaro Sahara.

To wai yaya ake gane abin da aka cakuɗa a ƙarfe ba tare da an narka shi ba? Kin san hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wato eksire. A 1913 wani saurayi ɗan Ingila, Moseley, ya nuna cewa kowane ƙarfe da irin eksiren da yake fitarwa, kamar yadda kowa da muryarsa. In aka haska tagulla, jan ƙarfe zai amsa daban, tutiya daban, dalmar da ta ɓuya ma sai ta yi magana. Yanzu har da hasken leza masana ke haifar da eksiren.

Da irin wannan dabara manyan dillalan gwal ke gwada sarƙa, tun kafin ta shiga akwatin lefe. Wadda aka yi wa ha'inci da jan ƙarfe, nan take asirinta ke tonuwa.