Ranar da Soja Ya Ƙi Bin Umarnin Alƙalin Alƙalan Amurka

'Yan uwa, da yawanmu mun shaida Dokar Soja ta 2 ta 1984, wadda ta bai wa gwamnati damar tsare mutum wata uku, a kuma sabunta, kotu ba ta da ta cewa. Mukan ɗauka mulkin soja kaɗai ke haka. Amurka ma ta yi, a ƙarƙashin zaɓaɓɓen shugaba.

A watan Afrilun 1861, da jihohin kudu suka yi tawaye, Shugaba Abraham Lincoln ya ba sojoji izinin dakatar da habeas corpus a kan hanyar Philadelphia zuwa Washington. Wannan shi ne haƙƙin wanda aka tsare na a kai shi gaban alƙali, a faɗi dalilin kama shi.

Ran 25 ga Mayu sojoji suka kama wani manomi, John Merryman, bisa zargin lalata gadojin jirgin ƙasa a jihar Maryland, suka kulle shi a sansanin McHenry. Alƙalin Alƙalai Roger Taney ya ce a kawo masa shi. Kwamandan sansanin ya ƙi. Taney ya rubuta cewa majalisa ce kaɗai ke da ikon dakatar da wannan haƙƙi, kuma a ganinmu hujjarsa ta fi ƙarfi, ko da yake shi ne mutumin da a 1857 ya yanke cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne.

Lincoln ya yi kunnen uwar shegu. Sai a Maris 1863 majalisa ta ba shi ikon a hukumance. Merryman kuwa an ba da belinsa bayan 'yan makonni, ba a kuma taɓa yi masa shari'ar ba.