Tsofaffin sojojin Faransa na Tasawa da Mayahi, da abin da suka dawo da shi

Yau hirarmu a kan dattawan nan ce da muka tashi muka tarar a unguwanninmu, waɗanda ake kira tsohon soja kawai, ko da mutum ya yi shekara arba'in da tuɓe kaki.

Akwai guda a unguwarmu, Allah ya jiƙansa. Bai yi lakwal mai zurfi ba, amma kowa injiniya yake ce masa. In injin niƙa ya tsaya, shi ake aika wa. In za a haƙa harsashin ɗaki, zai zo da igiya da turaku ya auna, kuma ba ya yarda a ce "ai haka ma ya yi". A ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin ƙarfe, ciki da jar dara, da lambobin yabo, da wani ɗan littafi na soja. Mu yara ba mu san daga inda waɗannan kaya suka fito ba.

Labarinsu ya faro tun kafin a haife shi. Ganin da ƙasar nan ta yi wa baƙar fata cikin kakin Faransa a wancan zamani, ba da alheri ba ne. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga yamma tana ƙona garuruwa, ta yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi ɓarna mai yawa a Birnin Ƙonni. A nan ƙasar Tasawa abin ya ƙare musu. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb wanda gwamnatinsu ta turo ya tsayar da su. Cikin kwana uku sojojinsu baƙar fata suka juya musu baki, suka kashe su duka biyun. Kaburburan suna nan Maijirgi, bakin hanyar Damagaram.

Bayan shekara ashirin sai ga shi 'ya'yanmu ake sa wa kakin. Dokar 1919 ta wajabta aikin soja na shekara uku a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. A tara samari gaban kwamandan, likita ya duba, a jefa ƙuri'a. Sarakuna ne ke kawo mutane, kuma kun san ɗan wa ake fara nunawa: ba ɗan mai hali ba. Duk inda mutum ya fito, Nijar ko Sudan ko Dahome, sunansa ɗaya a takarda, sojan Senegal.

Wasu sun ga faɗuwar Faransa a 1940, suka sha zaman fursuna a hannun Jamus. Wasu suna cikin waɗanda suka sauka gaɓar Provence ranar 15 ga Agusta 1944. Sakayyar farko ta zo ranar 1 ga Disamba 1944 a barikin Thiaroye kusa da Dakar, inda aka buɗe wuta a kan sojojin da suka nemi a biya su kuɗinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suka ce ɗaruruwa ne. 'Yan baya kuma aka kai su Indocin da Aljeriya. Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a 1974, ta can ya bi.

To amma abin da ya fi jan hankalina shi ne dawowar. Mutum ya tafi da hauya kaɗai ya sani, ya dawo ya iya tuƙin mota, ko kwance inji, ko gina kwalbati, ga ɗan Faransanci a baka. A lokacin da duk ƙasar ba ta da jami'a, bariki ya zame wa wasu makarantar sana'a, ko da yake makaranta ce mai tsada, da jini aka biya. Wasu suka zama gardi, wasu direbobin manyan motocin gyaɗa, wasu suka koma gona. Sun yi aure, sun tara iyali, kuma da yawansu suna cikin na farko da suka kai 'ya'yansu lakwal da hannunsu, lokacin da wasu ke ɓoye nasu cikin rumbu. Dattijon unguwarmu ba ya son hirar yaƙi ko kaɗan. Matarsa ce ta taɓa gaya wa mahaifiyata cewa daren da aka yi tsawa ba ya barci.

Sana'ar hannun ce ta riƙe gidajen, don fanshon bai riƙe su ba. A ƙarshen Disamba 1959, ana gab da samun 'yancin kai, majalisar Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka. Bature da suka kwana rami guda kuɗinsa na ƙaruwa shekara bayan shekara, na Bahaushe na tsaye wuri ɗaya, buhun gero kuwa bai tsaya jiran kowa ba. A 2006, da fim ɗin Indigènes ya tayar da ƙura, aka gyara wani sashe daga 2007. A watan Mayu 2010 kotun tsarin mulkin Faransa ta ce bambancin ya saɓa wa doka, aka daidaita daga Janairu 2011. Ku lissafa da kanku: wanda ya je yaƙi yana ɗan shekara ashirin a 1940, a lokacin ya kai casa'in da ɗaya. Kuma cikakken gyaran bai zo da kansa ba, sai da mai haƙƙi ya rubuta ya nema, da takardu a hannu.

Namu dattijon bai kai wannan lokaci ba. Da 'ya'yansa suka ji labarin gyaran, suka jawo akwatin don su nema wa tsohuwa haƙƙinta. Lambobin na nan yadda ya bar su, an naɗe cikin jar darar. Littafin kuwa gara ta shiga, ta cinye shafin da ke ɗauke da lambarsa ta soja.