Tarihin Auna Motsi a Ɗakin Gwajin Kimiyya

Auna gudun abu mai motsi ya dogara ne ga sanin nisa da lokaci, kuma lokacin ne ya fi bai wa masana na dā wahala. Galileo na ƙasar Italiya ya bayyana dabararsa a littafinsa na shekarar 1638. Yakan gangaro da ƙwallon tagulla a kan katako mai gangara, ya bar ruwa yana zuba daga wani mazubi, sannan ya auna nauyin ruwan don sanin tsawon lokacin. Ta haka ya gano cewa idan lokaci ya ninka biyu, nisan da ƙwallon ya ci yakan ninka huɗu.

A 1784 George Atwood na Ingila ya bayyana na'urarsa: nauyi biyu a rataye da zare bisa ƙafar juyi, wadda ke rage saurin faɗuwa har a iya binsa da agogo.

A tsakiyar ƙarni na 20 makarantu suka rungumi na'urar da ke buga ɗigo 50 ko 60 a daƙiƙa a kan siririyar takarda da aka ɗaura wa abu mai tafiya. Tazarar ɗigon ke nuna gudu, ƙaruwarta kuma ke nuna ƙaruwar gudun.

Daga shekarun 1980 aka fara haɗa kwamfuta da na'ura mai aika sautin da kunne ba ya ji. Sautin yakan bugi abu ya dawo, kuma da yake yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa, kwamfuta kan lissafa nisa, gudu da ƙaruwarsa, ta zana su nan take.