Kakaki: Ƙahon Sarauta a Fada, a Fim da Kiɗan Zamani

Kakaki dogon ƙaho ne na ƙarfe da ake busa wa sarakuna a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Tsawonsa kan kai mita biyu zuwa uku, wani ma ya fi haka. Ana ƙera shi da tagulla ko da farin kwano, kuma yawanci gaɓa biyu ne da ake harhaɗawa idan za a yi busa, a raba su idan an gama. Ba shi da ramukan yatsu irin na algaita, ba shi da maɓallai irin na ƙahonin Turawa. Leɓɓan mabushi da ƙarfin numfashinsa kaɗai ke sarrafa sautin, shi ya sa galibi murya biyu yake fitarwa, ɗaya ƙasa ɗaya sama, waɗanda kunnen Bahaushe ke ji kamar ana cewa "ga shi, ga shi".

Asali da matsayi

Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya shigo da su, tare da figini da takalman gashin jimina. Yana da 'yan uwa a wasu ƙasashe: nafir a Maroko, malakat a Habasha, karnai a Uzbekistan. Nufawa da Yarabawa ma suna busa shi a fadojinsu.

A al'ada ba kowa ake busa wa kakaki ba. Na sarki ne, sai kuma wanda sarki ya yarje wa. Ana jin sa a daren Juma'a a ƙofar fada, da ranar naɗin sarauta, da hawan Sallah, yana tafe da algaita da farai da tambari. Sana'ar gado ce, ɗa kan koya a wurin uba. Saboda shi ke shelar fitowar sarki, sunansa ya shiga harshen mulki: mai magana da yawun hukuma kakaki ne, haka ma shugaban majalisar dokoki.

A rukunin makaɗan Turawa

Babban rukunin makaɗa na Turawa, wato okestira, yana buƙatar kowane kayan busa ya iya hawa da sauka a kan matakan sauti, ya kuma daidaita da sauran. Tun da aka ƙirƙiro maɓallai a Jamus a farkon ƙarni na 19, ƙahonin Turawa suka samu wannan dama. Kakaki bai bi wannan hanya ba, kuma da yake kowane maƙeri da awonsa, kakaki biyu ba lalle su yi murya ɗaya ba. Wannan ne ya sa da wuya a gan shi a irin wannan rukuni.

Sai dai Turawan ma sun nemi irin muryarsa. Lokacin da Giuseppe Verdi ya tsara wasan waƙa na Aida, wanda aka fara nunawa a Alƙahira a 1871, ya sa an ƙera masa miƙaƙƙun ƙahoni shida domin fitowar mayaƙan Fir'auna bayan nasara. Aikin da suka yi a dandamali shi ne aikin kakaki a fada, wato sanar da isowar mai mulki.

A fim

Abin da ya hana kakaki shiga okestira shi ne ya ba shi daraja a fim. Busa ɗaya ta ishi mai kallo ya san an iso fada, ko kafin a nuna sarki. Finafinan tarihi da na sarauta, tun daga zamanin Shaihu Umar na Adamu Halilu (1976) har zuwa Kannywood, suna buƙatar irin wannan alama. A ƙasashen waje ma masu tsara kiɗan fim kan nemi baƙon sauti domin ya wakilci wata daula. Howard Shore ya yi amfani da raita ta Maroko, 'yar uwar algaita, a finafinan The Lord of the Rings (2001–2003).

A Kano kuwa, tun daga ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan haɗa kiɗa. Da shi mutum ɗaya kan kwaikwayi algaita da kalangu da ƙaho cikin sauƙi da araha. Amma kwaikwayon ba ya kawo kaushin muryar kakaki, kuma kuɗin da ya kamata ya je hannun mabusa yakan tsaya a situdiyo.

Jos da makomar kakaki

Jos na da muhimmanci a wannan batu. A nan ne hedikwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979 kuma ta shirya fim ɗin Hausa na Kulɓa Na Ɓarna a 1992. A nan ne Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ma'ajiyar finafinai da sauti ta ƙasa suke. Haka kuma a unguwanni irin su Anguwan Rukuba, matasan majami'u da 'yan badujalar makarantu sun saba da busa bigila, wadda ita ma ba ta da maɓalli, leɓe ne ke aiki kamar a kakaki. Ga kuma masarautun Wase da Kanam a cikin jihar Filato, inda al'adar fada ke raye. Ke nan mabusan gado da mabusan zamani da masu koyon fim duk suna kusa da juna.

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Dawakai da kwalliyar mahaya su ne ido ya fi gani a hawan, amma kakaki ne ke faɗa wa jama'a cewa sarki ya fito. Ɗorewarsa ta dogara ga maƙeran da suka san awonsa, da 'ya'yan mabusa da za su ga sana'ar tana ciyar da su, da kuma masu shirya fim da za su gayyaci mabushi ya busa da bakinsa a biya shi haƙƙinsa.